Wa ke da iko da datar da ka saya? Sharhi kan rikicin daidaiton intanet

A ranar 2 ga Janairun 2025 wata kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya da ke zama a birnin Cincinnati na Amurka ta soke dokokin da hukumar sadarwar ƙasar, wato FCC, ta kafa a kan abin da Turawa ke kira net neutrality, wato daidaiton intanet. Labarin ya rikita mutane da yawa, kuma ba laifinsu ba ne, dan kuwa wannan dokar an kafa ta a 2015, aka rushe a 2017, aka sake dawo da ita a 2024, ga shi kotu ta kuma turmushe ta tun ba ta fara aiki ba. Wasu na cewa shikenan an kashe intanet, wasu na cewa ai babu abin da zai canza, dama can surutu ne na 'yan fafutuka. Toh mene ne ma abin da ake ta ja-in-ja a kansa, kuma ina ruwan mai sayen data ta ɗari biyar a Kano ko Maraɗi da shi?

Ma'anar abin a sauƙaƙe

Duk abin da ka tura ko ka buɗe a intanet, saƙon murya ne ko bidiyo ko shafin jarida, ba a dunƙule yake tafiya ba. Ana daddatsa shi ne zuwa ƙananan ƙunshi, kowanne ɗauke da adireshin inda ya fito da inda za shi, sai su bi ta wayoyi da turakun kamfanin da ka sayi data a wajensa, idan sun iso wayarka su sake haɗuwa. Kamfanin sadarwa kenan ɗan dako ne, ka biya shi ya ɗauko maka kaya. Daidaiton intanet cewa yake ɗan dakon nan ba ruwansa da abin da ke cikin buhu, kuma ba ruwansa da shagon da ka sayo kayan, nasa dai ya kawo. Kar ya ce buhun shagon wane zan fara kaiwa saboda mai shagon yana ba ni na goro, na shagon wane kuma ya jira sai la'asar.

A aikace abubuwa 3 ake hanawa. Na farko toshewa, kamfani ya hana ka shiga wani shafi ko manhaja da doka ba ta haramta ba. Na biyu shaƙewa, ba a toshe ba amma an rage gudun abin da gangan, bidiyo ya yi ta juyawa yana juyawa har ka gaji ka fita, kai kana zaton sabis ne babu. Na uku kuma layin 'yan gata, wani babban kamfani ya biya kuɗi a riƙa wucewa da kayansa gaba, sauran su bi sahu. An dai bar wa kamfanoni damar sarrafa cunkoso idan layi ya cika, da tare ƙwayoyin cutar kwamfuta, da bin umarnin kotu, matuƙar dalilin na fasaha ne ba na kasuwanci ba.

Akwai abubuwan da ake cakuɗawa da wannan magana alhali ba ita ba ce. Daidaiton intanet bai ce a ba da data kyauta ba, bai ce mai sayen giga 1 da mai sayen giga 100 su biya kuɗi ɗaya ba. Hakanan bai shafi Facebook ya goge maka rubutu ko TikTok ya rufe maka shafi ba, wannan wata rigima ce daban da ta shafi masu dandalin. Nan ana magana ne kan masu hanya, waɗanda sai ka bi ta kansu kafin ka isa ko'ina.

Daga ina maganar ta samo asali

Wani malamin shari'a a Amurka mai suna Tim Wu ne ya raɗa wa abin suna a wata maƙala da ya fitar a 2003, amma tunanin ya girme shi nesa ba kusa ba. Tun zamanin jirgin ƙasa da wayar tangaraho dokokin Turawa suka ware wasu sana'o'i suka ce waɗannan 'yan dakon kowa ne, dole su ɗauki kayan duk wanda ya biya ba tare da zaɓe ba. Dokar sadarwar Amurka ta 1934 ta saka kamfanonin tarho a wannan rukuni ƙarƙashin babinta na 2. Shi ya sa lokacin da intanet ya fara shiga gidaje ta layin tarho, kamfanin tarhon ba shi da ikon cewa ga inda za ka shiga ga inda ba za ka shiga ba.

Matsala ta fara ne da intanet mai sauri ya zo. A 2002 FCC ta ce intanet ɗin da ake samu ta wayar kebul ba aikin dako ba ne, "hidimar bayanai" ce, wadda dokokinta ke da sassauci sosai, kuma Kotun Ƙoli ta amince mata a 2005. Ka riƙe waɗannan sunaye biyu, aikin dako da hidimar bayanai, dan duk shari'o'in da aka yi ta yi shekara 20 a kansu suke juyawa.

A daidai wannan lokacin ne kuma kamfanoni suka samu na'urorin da ke iya leƙa ƙunshin bayanai su gane wannan kira ne, wannan bidiyo ne, wannan daga wane shafi yake. Da zarar an iya ganewa, sai kwaɗayi ya shigo, saboda yawancin masu sayar da intanet suna sayar da kira da saƙon tes da tashoshin talabijin, kuma intanet ɗin da suke sayarwa shi ne ke cinye musu wancan ciniki. A 2005 wani ƙaramin kamfani a jihar North Carolina mai suna Madison River ya toshe kiran waya ta intanet na Vonage, FCC ta sa baki, ya biya dala 15,000 ya buɗe. A 2007 aka gano kamfanin intanet na Comcast na katse wa masu amfani da BitTorrent, wata hanyar musayar manyan fayiloli, hanya a ɓoye. A Holan kuma kamfanin KPN ya bayyana a 2011 cewa zai fara cajin kuɗi na daban kan manhajoji irin WhatsApp saboda sun karya masa kasuwar tes, mutane suka yi ca, abin da ya kai majalisar ƙasar ga kafa doka a 2012. Chile ma ta riga su, tun 2010 ta yi tata, ita ce ta farko a duniya.

Duk ɗan kasuwar da ya taɓa zuwa Dubai sarin kaya ya ɗanɗani yadda rashin wannan ƙa'ida yake. Ka sauka, ka sayi layi, data na aiki lafiya lau, saƙo na tafiya, hoto na tafiya, amma ka danna kiran WhatsApp ka kira gida sai ya yi ta ƙugi ba ya shiga, sai an nuna maka wata manhaja da hukuma ta amince da ita. Datar taka ce, kai ka biya, amma wani ne ya yanke abin da za ka yi da ita.

Kwan-gaba kwan-baya a Amurka

FCC ta tsawata wa Comcast a 2008, Comcast ya kai ƙara, kotu ta ce a 2010 hukumar ba ta da hurumi. Ta sake rubuta dokoki a ƙarshen 2010, Verizon ya kai ƙara, a Janairun 2014 kotu ta sake watsar da mafi yawansu, hujjarta kuwa mai sauƙi ce: ku da bakinku kuka ce waɗannan kamfanoni ba 'yan dako ba ne, toh ba za ku ɗora musu dokar 'yan dako ba. Mafita ɗaya ta rage, a mayar da su babi na 2. Mutane kusan miliyan 4 suka aika wa hukumar ra'ayinsu, Shugaba Obama ya fito a Nuwamban 2014 ya goyi baya, ranar 26 ga Fabrairun 2015 kuma hukumar ƙarƙashin Tom Wheeler ta amince da ƙuri'a 3 da 2.

Wannan 3 da 2 ɗin shi ne sirrin duka labarin. Kwamishinonin FCC 5 ne, kuma jam'iyyar da ke fadar White House ce ke samun 3. Da Trump ya hau ya naɗa Ajit Pai shugaba, ranar 14 ga Disamban 2017 aka soke dokar da 3 da 2. Da Biden ya samu rinjayensa, shugabar hukumar Jessica Rosenworcel ta dawo da ita ranar 25 ga Afrilun 2024, nan ma 3 da 2. Majalisar dokoki, wadda ita ce za ta iya kashe maganar gaba ɗaya da doka guda, ta kasa haɗa kai a kai har yau.

Wani abin al'ajabi da ya faru a zagayen 2017 ya cancanci a tsaya a kansa. An aika wa hukumar ra'ayoyi sama da miliyan 22, amma binciken ofishin babbar lauyar jihar New York da ya fito a 2021 ya gano kusan miliyan 18 na bogi ne. Sama da miliyan 8 sun fito ne daga wani kamfe da kamfanonin intanet suka ɗauki nauyi, inda 'yan kwangilar da aka ba aikin suka yi amfani da sunayen mutanen da ba su san hawa ba ba su san sauka ba. Ɗaya ɓangaren ma ba a bar shi a baya ba, wani ɗalibi ɗan shekara 19 shi kaɗai ya ƙirƙiri sama da miliyan 7 na goyon bayan dokar. Wato dai aringizon ƙuri'a ba a wajenmu kaɗai ake yi ba.

Abin da ya kayar da dokar 2024 kuwa ba shi da alaƙa da intanet ko kaɗan, shari'ar masu kamun kifi ce. Tun 1984 akwai ƙa'idar da ta ce idan lafazin doka ya zo da harshen damo, kotu ta bar wa hukumar da abin ya shafa ta fassara. A kan wannan ƙa'ida FCC ta riƙa sauya ra'ayi duk sanda gwamnati ta canza kotuna suna ƙyale ta. A Yunin 2024, a shari'ar da ake kira Loper Bright da wasu kamfanonin kamun kifi suka shigar, Kotun Ƙoli ta rushe wannan ƙa'ida ta ce alƙalai ne za su fassara doka da kansu. Wata 6 bayan haka alƙalan Cincinnati suka duba suka ce a fahimtarsu intanet hidimar bayanai ce, dan haka FCC ba ta da ikon saka shi a babi na 2. Bambancin wannan karon da na baya shi ne, ko da wata gwamnati ta zo da sha'awar dawo da dokar, ƙuri'a 3 da 2 ba za ta wadatar ba.

Me kowane ɓangare ke cewa

Masu goyon baya, da suka haɗa da ƙungiyoyin kare haƙƙin masu saye da ƙananan kamfanonin fasaha da mutane irin su Tim Berners-Lee wanda ya ƙirƙiro yanar gizo, babbar hujjarsu ita ce ta gasa. Suna cewa Google da YouTube da Facebook duk a ɗakin ɗalibai ko gareji ko ƙaramin ofis suka fara, kuma sun kai inda suka kai ne saboda ba su nemi izinin kowa ba, ƙunshinsu na tafiya da gudu ɗaya da na manyan da suka tarar. Idan aka buɗe layin 'yan gata, wanda ya riga ya yi ƙarfi shi zai saye layin, sabon shiga kuma ya mutu a zaure. Suna ƙarawa da cewa maganar "in bai yi maka ba ka canza kamfani" ba ta aiki a inda kamfani ɗaya ko biyu ne kawai ke da sabis mai kyau, kuma haka lamarin yake a yankuna da dama na Amurka. Sannan ga batun mai hanya ya zama shi ma yana da shago a bakin hanyar, misali Comcast ya mallaki kamfanin talabijin da fina-finai na NBCUniversal tun 2011, kenan yana gasa da masu bidiyon da shi ne ke dakon kayansu.

Masu adawa, wato manyan kamfanonin sadarwa da 'yan jam'iyyar Republican da wasu masana tattalin arziki, su ma ba da ka suke magana ba. Suna cewa shimfiɗa wayoyi da kafa turaku na cin biliyoyin daloli, kuma dokar da aka rubuta a 1934 dan kamfanin tarho guda ɗaya tilo ba ta dace da wannan zamani ba, tana tsorata masu zuba jari saboda tana ba hukuma ƙofar da wata rana za ta iya ƙayyade farashi. Suna cewa ba duk ƙunshi ne ɗaya ba a zahiri, kiran bidiyo da likita ke yi ba ya jure jinkirin daƙiƙa guda amma imel ba ruwansa, toh me ya sa za a hana a sayar da layi na musamman ga mai buƙata? Kuma idan wani kamfani ya yi ba daidai ba, akwai dokokin hana babakere da hukumar kare masu saye, a hukunta shi bayan ya yi laifin, ba a ɗaure kowa tun kafin ya yi ba.

Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce abin da ya biyo bayan soke dokar a 2017. An yi ta hasashen cewa za a fara sayar da shafuka ɗaya-ɗaya kamar tashoshin dish, hakan bai faru ba, gudun intanet a Amurka ma ƙaruwa ya ci gaba da yi. Amsar ɗaya ɓangaren ita ce kamfanonin sun san ido na kansu, ga shari'o'i a kotu, ga kuma jihar California da ta kafa tata dokar a 2018 wadda ta ma fi ta tarayya tsauri, kotu ta tabbatar da ita a 2022, kuma da wuya kamfani ya gina tsari ɗaya dan California wani dan sauran ƙasa. Sun kuma nuna binciken jami'ar Northeastern da ya gano kamfanonin wayar salula na rage gudun bidiyo ko da babu cunkoso. Batun zuba jari kam kowane ɓangare na da nasa alƙaluman, kuma abubuwan da ke motsa jari suna da yawa, kuɗin ruwa ne, haraji ne, zuwan 5G ne, ta yadda ware tasirin doka ɗaya daga ciki abu ne mai wuya.

Akwai labarin da ake yawan kawowa na 'yan kwana-kwanan gundumar Santa Clara, waɗanda Verizon ya shaƙe wa data a 2018 suna tsaka da kashe wata babbar gobarar daji, aka ce sai sun koma tsari mai tsada. Kamfanin ya ce kuskuren ma'aikata ne. In za a yi adalci, abin bai faɗa cikin haramtattun abubuwa 3 ɗin nan kai tsaye ba tunda duka datar aka rage wa gudu ba wani shafi aka ware ba, abin da masu goyon baya ke nunawa shi ne a lokacin babu hukumar da ke da cikakken ikon karɓar irin wannan koke.

Inda maganar ta fi shafar mu: garabasa

A ƙasashe masu tasowa ba kasafai rigimar ke zuwa da siffar layin 'yan gata ba, da siffar kyauta take zuwa. Kamfani ya ce wannan manhajar in ka shiga ba za a cire maka data ba, ko kuma ga data mai araha amma ta WhatsApp da Facebook ce kawai, ko ga ta YouTube ta dare. Duk wanda ya taɓa danna lambobin sayen data a Najeriya ya ga irin wannan jeri, kuma duk wanda ya taɓa hawa Facebook datarsa ta ƙare ya ci gaba da karanta rubutu hotuna ba sa buɗewa, ana ta "wai me ke jikin hoton ne, a faɗa mana", ya san abin da ake nufi. A ido wannan taimako ne. Ta fuskar ƙa'idar daidaito kuwa nuna bambanci ne, sai dai da farashi aka yi shi ba da gudu ba.

Indiya ce ta fi kowa dambatawa a kan wannan. A 2015 Facebook ya shigo da shirinsa na Internet.org, wanda daga baya ya koma Free Basics, tare da kamfanin Reliance Communications, inda ake ba talaka wasu zaɓaɓɓun shafuka kyauta. Airtel ma ya fito da nasa mai suna Airtel Zero inda kamfanoni za su biya dan a shiga manhajarsu ba data. Matsayin Mark Zuckerberg a taƙaice shi ne da babu gara ba daɗi, wanda bai taɓa shiga intanet ba in ya ɗanɗana kaɗan zai nemi cikakke. Masu adawa suka ce toh wa ya ba kamfani ɗaya daga waje ikon zaɓa wa miliyoyin talakawa abin da za su gani, kuma ya ɗan ƙasa mai sabuwar manhaja zai yi gasa da abin da ake rabawa a banza? Sama da saƙo miliyan 1 aka aika wa hukumar sadarwar ƙasar, TRAI, kuma ranar 8 ga Fabrairun 2016 ta haramta bambanta farashin data bisa abin da mutum ke buɗewa. Free Basics ya tattara ya bar Indiya. Bayan wata 7 kamfanin Jio ya shigo ya karya farashin data warwas, mutane suka shiga cikakken intanet da kuɗi kaɗan, abin da masu adawa da garabasa ke kafa hujja da shi cewa maganin tsada gasa ce. Sai dai Jio na da aljihun attajiri Mukesh Ambani a bayansa, ba kowace ƙasa ke da irin wannan ba.

Tarayyar Turai ta kafa tata dokar a 2015, ta fara aiki a 2016, da farko ta bar batun garabasa a duba shi ɗaya bayan ɗaya, har sai da kotun tarayyar ta yanke a 2020 da 2021 cewa irin waɗannan tsare-tsare sun saɓa wa doka.

A Najeriya kuwa, wata 3 kacal bayan Indiya ta rufe ƙofa, a Mayun 2016 aka ƙaddamar da Free Basics tare da Airtel, ba tare da wata hayaniya ba. Hukumar sadarwar Najeriya, NCC, ta fitar da kundin ƙa'idojin intanet a 2019 wanda ya hana toshewa da shaƙewa da fifita wani a kan wani, amma ya bar ƙofar garabasa a buɗe bisa sharaɗi. Kenan a takarda Najeriya na da abin da Amurka ta rasa a matakin tarayya. Abin da ba a cika samu ba shi ne awo mai zaman kansa da zai nuna ko jinkirin da mutum ke gani na cunkoso ne, ko na turken da dizal ya ƙare masa ne, ko kuwa da gangan ne, kuma mai waya a hannu ba shi da hanyar bambancewa.

Tasirin a kan mutane kala biyu ne, kuma dukansu gaskiya ne. Ɗauki matar da ke sayar da atamfa da turaren wuta daga ɗakinta, kasuwarta gaba ɗaya a status ɗin WhatsApp take, ta ɗora hoto da safe, a yi ciniki ta saƙon murya, a turo kuɗi, ɗan sahu ya kai kaya. Datar WhatsApp zalla ta wadace ta, kuma tun da NCC ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har kashi 50 cikin 100 a Janairun 2025 irin wannan tsari mai araha ya ƙara daraja a wajenta, in aka hana shi gobe ita ce za ta fara ji a jika. Amma ranar da aka turo mata wani saƙo a group cewa wai wani magani na warkar da kaza, ko wai an buɗe shafin rabon tallafi, ba ta da datar da za ta fita ta bincika, mahaɗin da zai kai ta shafin jarida ba zai buɗe ba. Sannan yaron da ya zauna a Zariya ya gina manhajar kasuwanci da Hausa, duk kyanta, shiga cikinta na cin data mai tsada alhali kishiyarsa na cikin garabasa. Wani binciken jin ra'ayi da kafar Quartz ta wallafa a 2015 ya samu kashi 65 na 'yan Najeriyar da aka tambaya sun yarda da cewa Facebook shi ne intanet.

Wa zai biya kuɗin hanya

Sabon salon rigimar shi ne kamfanonin sadarwa na cewa tunda tsirarun kamfanoni irin su Netflix da Google da Meta ne ke cika layi, toh su kawo gudummawar gina shi. Su kuma suna cewa mai kallo ya riga ya biya data, karɓa daga ɓangare biyu cin tudu biyu ne, kuma su ma suna kashe kuɗi kan wayoyin ƙarƙashin teku da rumbunan ajiya. Koriya ta Kudu ta gwada irin wannan tsari, kamfanin intanet na SK Broadband da Netflix suka yi shekaru a kotu kafin su sasanta a 2023, dandalin bidiyon kai-tsaye na Twitch kuma ya fice daga ƙasar a Fabrairun 2024 yana cewa kuɗin layi a can ya ninka na sauran ƙasashe kusan sau 10. Turai ta yi shawara a kai a 2023, ƙasashe da dama suka nuna ba su gamsu ba.

Idan gwamnati ce ta toshe fa

Duk dokokin da aka ambata a sama kamfanoni suke ɗaurewa, kuma kusan kowacce na da togaciyar cewa sai dai in hukuma ko kotu ta ba da umarni. A yankinmu kuwa manyan toshewar da aka gani daga gwamnati suka fito. Chadi ta rufe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019, wata 16 cur. Kamaru ta yanke intanet a yankunan masu magana da Ingilishi na wata 3 a farkon 2017. Nijar ta katse intanet na wayar salula kimanin kwana 10 bayan zagaye na biyu na zaɓen Fabrairun 2021. A Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa gaba ɗaya a Zamfara da sunan yaƙi da 'yan bindiga, daga baya aka haɗa da wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna, mutane na shiga mota su tsallaka wata jiha dan kawai su buga waya ko su tura kuɗi, masu POS suka rufe. Hukumomi sun ce matakin ya katse wa ɓarayin daji hulɗa da masu kai musu rahoto, masu suka kuma suka ce ya hana ƙauyuka neman ɗauki idan an kawo hari.

Dakatar da Twitter a Najeriya ya fi kama da ainihin abin da daidaiton intanet ke magana a kai, tunda dandali ɗaya aka ware aka umarci kamfanoni su toshe, kuma suka toshe. Ya fara ranar 5 ga Yunin 2021, kwanaki kaɗan bayan dandalin ya goge wani saƙon Shugaba Buhari, gwamnati ta ce ana amfani da shi wajen yi wa ɗorewar ƙasa zagon ƙasa. Kundin NCC na 2019 na nan a lokacin, bai hana komai ba, masu hali suka sauke VPN, manhajar kewaye toshewa, suka ci gaba da harkarsu. An ɗage dakatarwar ranar 13 ga Janairun 2022 bayan kwana 222, kotun ECOWAS kuma ta yanke cewa matakin ya saɓa wa doka a watan Yulin 2022, wata 6 bayan an riga an buɗe.